Hukuncin Mai Tattaki da Ya Tarar da Bikin Abinci a Ƙauyen Kiristoci

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne, ina karatun digiri na uku a Madrid ta ƙasar Sifaniya. Likita ya ce hawan jini ya fara leƙo ni, ya ba ni shawarar yawaita tafiya a ƙasa. Da aka ba mu dogon hutu sai ni da abokan karatuna uku, biyu 'yan ƙasar, ɗaya Musulmi ɗan Pakistan, muka yi tattakin kwana shida daga garin Tuyi da ke kan iyakar Fotugal zuwa Santiyago, tafiyar da ta haura kilomita 110. A rana ta biyar, wadda ta kama Asabar ɗin farko ta watan Agusta, muka iso Padron, muka tarar ana bikin tattasai a ƙauyen Erbon da ke kusa. A wani kurmin itatuwa ake yi, jikin wani tsohon gidan fada-fada. An ce da safe sun yi addu'arsu ta coci, amma mu bayan an gama muka iso. Ana soya ƙananan koren tattasai ana rabawa kyauta da burodin masara. Na ci. Na kuma sayi wata dabbar teku mai hannu takwas da suke kira pulpo, ita ma na ci. Abokina ɗan Pakistan ya ƙi taɓa ta, ya ce haramun ce, kuma ya ce shi kansa tattasan akwai shubuha tunda an yi addu'ar coci a wurin. Tun ranar hankalina bai kwanta ba.

Sannan Malam, wata tsohuwa manomiya ta ja mu teburin iyalinta, ta yi mana karamci sosai. Suna shan giyar inabi a teburin, ni dai ruwa na sha. Da aka tashi sai aka haɗa kuɗin abin da muka saya mu huɗu aka raba daidai, har da kwalbar da abokan nan biyu suka sha. Hira da kiɗa suka ɗauke mu, ban yi Azahar da La'asar ba sai bayan Magariba a masauki. Washegari a Santiyago na karɓi takardar shaidar kammala tafiya, da aka tambaye ni dalilin tafiyata na zaɓi na addini, don an ce mini takardarsu ta fi kyau. Mene ne hukuncin wannan duka, kuma badi zan iya komawa?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a karatu.

Ɗan'uwa, na karanta wasiƙarka sau biyu. Abin da ya hana ka barci shi ne mafi sauƙi a cikinta, masu nauyin kuma ka zubo su a ƙarshe kamar baƙon da ya tuna saƙo bayan ya sa takalmi. Tattasai da dabbar teku halal ka ci. Teburin, da kuɗin da aka raba, da sallolin da rana ta faɗi a kansu, da takardar, nan ne maganar take. Amma bari in bi ka yadda ka jero.

Ita tafiyar a kan kanta babu laifi. Allah Maɗaukaki ya ce a Suratul Mulk, aya ta 15: "Shi ne wanda ya sanya muku ƙasa horarriya, sai ku yi tafiya a sasanninta, ku ci daga arzikinSa." Tafiya da ci a aya ɗaya aka haɗa su. Wanda ya fita don lafiyar jikinsa, ya ga ƙasar Allah, ya sarara daga wahalar karatu, yana cikin halal, idan ya kyautata niyya ma ya samu lada.

Sai bikin. A nan ne mutane suka kasu biyu, kowane ɓangare da zaƙewarsa. Wasu da sun ji kalmar biki a garin da ba na Musulmi ba sai su ce haram, ba su tambayi na mene ne ba. Wasu kuma da sun ji an ce al'ada ce sai su shige har cikin ɗakin bauta. Magabata ba haka suka yi ba, tambaya suke yi. Abu Dawud ya ruwaito daga Sabit ɗan Dahhak cewa wani mutum ya yi bakancen soke raƙumi a wani wuri da ake kira Buwana, ya zo ya tambayi Annabi Sallallahu alaihi wa sallam. Annabi bai ce masa je ka ba, bai kuma ce kada ka je ba, sai da ya tambaya: akwai wani gunki na jahiliyya da ake bauta wa a wurin? Aka ce babu. Ya ce akwai wani idi daga idodinsu da ake yi a wurin? Aka ce babu. Sannan ya ce masa ya cika bakancensa. Ka ga abin da ake bincike shi ne bauta da idin addini.

A ɗaya gefen kuma, Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Ukaza da Majanna da Zul Majaz kasuwanni ne na jahiliyya, da Musulunci ya zo sai mutane suka ji kamar laifi ne su yi ciniki a waɗannan lokutan taro, sai aya ta 198 ta Suratul Baƙara ta sauka: "Babu laifi a kanku ku nemi falala daga Ubangijinku." An tambayi Imam Ahmad game da bukukuwan Kiristocin Sham da Musulmi kan je su ci kasuwarsu, ya ce idan ba su shiga musu wuraren bauta ba, kasuwar kawai suka halarta, babu laifi. Malamanmu na Malikiyya sun fi tsanantawa ga abin da yake idin addini ne zalla. An ruwaito Ibnul Ƙasim ya ƙi Musulmi ya shiga jirgin ruwan da Kiristoci suka hau za su wurin idinsu. Sayyidina Umar (RA) kuma ya hana shiga musu coci ranar idinsu.

To, bikin Erbon wanne ne? Bikin manoma ne da ke tallar amfanin gonarsu. Mutanen yankin na danganta zuwan irin tattasan ga fada-fadan gidan nan, 'yan ɗarikar Faransis, waɗanda suka taho da shi daga Meziko a ƙarni na 17, shi ya sa ake taron a jikin gidansu. Ranar ma ba ranar wani waliyyinsu ba ce. Babban idin waliyyinsu Santiyago, wanda birnin ke ɗauke da sunansa, 25 ga Yuli ne, na Antoniyo wanda gidan ke ɗauke da sunansa 13 ga Yuni ne, wannan kuwa an ajiye shi a farkon Agusta, tsakiyar lokacin da tattasai ke cika kasuwa. Abin alfaharinsu a ranar shi ne karin maganarsu cewa tattasan Padron wani da yaji, wani babu. Wannan ya fi kama da bikin kamun kifi na Argungu a wurinmu fiye da Kirsimeti ko Ista. Addu'ar da suka yi da safe ibadarsu ce, kuma ba ta halatta gare ka: ba ka tsayawa a sahunsu, ba ka amsa musu, ba ka bin jerin gwanon da aka ɗauko gicciye ko mutum-mutumi a gaba, ba ka karɓar gurasar da fada ke sa wa mabiyansa a baki. Ba ka yi ko ɗaya ba, ka iso bayan an watse. Abin da ka tarar kasuwa ce da walima.

Maganar abokinka cewa addu'ar ta sa wa tattasai shubuha ba ta da madogara. Abin da Alƙur'ani ya haramta da lafazin wanda aka ambaci sunan wanin Allah a kansa, yanka ake nufi. Tsiro ba ya buƙatar yanka, saboda haka babu sunan da za a kira a kansa ya mayar da shi mushe. Ibn Abi Shaiba ya ruwaito cewa wata mata ta tambayi Nana A'isha (RA) game da Majusawa da ke aiko musu da kyauta ranar idinsu, ta ce: abin da aka yanka saboda wannan rana kada ku ci, amma ku ci daga itatuwansu. Lura fa, wannan idin addini ne na masu bauta wa wuta, duk da haka ta halatta 'ya'yan itace. Ina ga tattasan da manomi ya soya don ka ɗanɗana ka sayi buhu?

Akwai gaɓa ɗaya a mazhabarmu da ya kamata ka sani, don wata rana za ka iya cin karo da ita. Shaihu Halil ya lissafa cikin makaruhai abin da Kirista ya yanka don gicciye ko don Annabi Isa (AS), da karɓar abin da aka yi sadaka da shi saboda haka. A ƙauyukan Turai ta kudu akwai bukukuwan da ake raba burodi ko miya da sunan wani waliyyi a ranarsa, bayan fada ya yayyafa masa ruwa. Irin wannan ka bar shi, ba don ƙazanta ba, don karɓarsa shiga ne cikin girmamawar da aka nufa. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce: ka tambayi mai rabon, don me ake ba da wannan? Idan ya ce don gonarmu ta yi kyau muna so ku ɗanɗana, ka yi bisimilla. Idan ya ce don waliyyi wane, ka yi godiya ka wuce. Da wannan ma'aunin ake auna bikin sabuwar doya a kudancin Najeriya da Ghana: wadda aka kai wa kakanni ko wurin tsafi daban, wadda ke kan tire a kasuwa daban.

Yanzu dabbar teku, wadda Larabawa ke kira akhɗabuɗ. Allah ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 96: "An halatta muku farautar teku da abincinsa, jin daɗi gare ku da matafiya." Dubi yadda ayar ta ambaci matafiya da sunansu. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya ce game da teku: ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Ga kuma ƙissar rundunar Abu Ubaida, mutum 300, da yunwa ta kai su ga cin ganye, teku ya jefo musu wata ƙatuwar dabba da ake kira anbar, suka yi kwanaki suna ci, da suka dawo Madina Annabi (SAW) ya nemi su ba shi daga abin da ya rage, ya ci. Da waɗannan Malikiyya suka halatta duk abin da ke cikin teku, mai ƙaya da marar ƙaya, mai ɓawo da mai santsi, an kama shi da rai ko an tsince shi a mace. Imam Malik bai tsaya ba sai a kan wanda ake kira aladen ruwa, shi ma saboda sunan, ya ce ku ne kuke kiransa alade. Shafi'iyya a zance mafi inganci da Hambaliyya suna tare da mu a kan irin wannan dabba.

Abokinka bai ƙirƙiri maganarsa ba. Mafi yawan mutanen Pakistan Hanafiyya ne, kuma a mazhabar Imam Abu Hanifa kifi kaɗai ya halatta daga dabbobin ruwa. Sun kafa hujja da hadisin da ya ce an halatta mana mushe biyu, kifi da fara, sauran kuma suka sa su cikin abubuwan ƙyama da aya ta 157 ta Suratul A'araf ta haramta. Da ya ƙi ci, mazhabarsa ya bi, kada ka zarge shi. Kuskurensa shi ne ɗora maka ita, alhali mas'ala ce ta saɓani tsakanin manya, kuma hujjar jumhuru ta fi ƙarfi. Ni dai, gaskiya, ban ga abin sha'awa a halitta mai hannu takwas ba, amma wannan ɗabi'ar Bahaushe ce da ya tashi nesa da teku. An kawo wa Annabi (SAW) naman damo bai ci ba, Halid ɗan Walid ya tambaye shi ko haramun ne, ya ce a'a, sai dai babu shi a ƙasar mutanena, sai na ji raina ba ya so. Halid ya jawo ya ci a gabansa. Mu ma in ka miƙa wa tsohuwar nan soyayyar fara da yaji, ka ga yadda za ta ja da baya.

Yadda suke dafa ta ma babu abin tsoro: a tafasa a ƙatuwar tukunyar tagulla, a yanka da almakashi a kan farantin katako, a zuba man zaitun da gishiri da garin jan tattasai. Shi ma tattasan da man zaitun da gishiri ake yinsa. Inda ake buƙatar buɗe ido a abincin Galisiya, wato yankin Sifaniya da kuka ratsa, shi ne sauran. Ƙasa ce ta alade. Miyarsu ta ganye da wake da kitsen alade ake ɗaure ta. Burodin nan mai ciki da suke kira empanada, ko da kifi ne a ciki, wani mai gashin na sa kitsen alade a ƙullin. Gasasshen nama kuwa na sa da na alade a waya ɗaya suke kwance, kitsen wannan na ɗiga kan wancan, wannan kaɗai ya isa ka bar shi ba sai mun shiga doguwar muhawarar yankan Ahlul Kitabi a mayankun Turai na yau ba. Wasu na turara kifin ɓawo da giyar inabi, abin da aka dafa da giya kuwa ya najastu a wurin malamanmu. Akwai kuma abin shan da suke kira keimada, barasa ce mai ƙarfi da ake cinna wa wuta da sukari ana karanta wasu surkulle na korar mayu a kanta. Za a ce maka wuta ta cinye barasar. Ba ta cinye ba, kuma ko ta cinye surkullen ya ishe ka dalili. Abu Sa'alaba Al-Hushani ya tambayi Annabi (SAW) game da ƙoren Ahlul Kitabi, ya ce idan kun sami wasu kada ku ci a cikinsu, idan ba ku samu ba ku wanke ku ci, a ruwayar Abu Dawud an bayyana cewa suna dafa alade a tukwanen suna shan giya a kofunan. Ka tambaya a inda zato ya yi ƙarfi, tambaya ɗaya cikin ladabi, ka karɓi amsar mai abincin. Inda babu alamar komai, kamar 'ya'yan itace da burodi da cuku, asali halal ne, kada ka buɗe wa waswasi ƙofa. An kawo wa Annabi (SAW) cuku a Tabuka, ya nemi wuƙa, ya yi bisimilla ya yanka.

Mu zo teburin. Tirmizi ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi imani da Allah da ranar ƙarshe kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya a kansa. Hadisin bai ce kada ya sha ba, wannan an riga an gama da shi a wasu nassoshi. Zaman aka hana. Saboda haka cewa ruwa ka sha bai fitar da kai ba. Ban ce kasancewarka a filin da wasu ke sha a can gefe haramun ne ba, in da haka ne da Musulmi bai shiga jirgin sama ko kasuwa a Turai ba. Abin da aka hana shi ne ka zama ɗaya daga cikin 'yan teburin, kwalba na wucewa ta gabanka, ana ɗaga kofi kana ɗaga naka na ruwa. Kuma ba ka cikin larura, fili ne mai faɗi, ga inuwar itatuwa ko'ina.

Na san abin da ya zaunar da kai, kunya ce. Tsohuwa ta kama hannunka, Bahaushe kuma ba ya iya ce wa tsohuwa a'a. Karamcinta abin a yaba ne, kuma Allah bai hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba, aya ta 8 ta Suratul Mumtahana a fili take. Annabi (SAW) da kansa ya amsa gayyatar Bayahude. Amma ana iya haɗa biyun. Ka gaishe ta, ka karɓi farantin da hannu biyu, ka ci loma a tsaye ka yaba, ka ce mata addinina bai bar ni in zauna inda ake shan giya ba, zan zauna can gindin itace, in kin gama ki zo mu yi hira, ko mu sha gahawa tare. Tsofaffin ƙauye da suka san azumin cocinsu sun fi 'yan birni fahimtar mutumin da ke da abin da ba ya yi. Abin da ke kanka yanzu istigfari ne da ƙudurin ba za ka sake ba. Babu kaffara.

Kuɗin ya fi zaman nauyi. A hadisin Anas da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito, Annabi (SAW) ya la'anci mutum goma game da giya, cikinsu har da mai sayenta da wanda aka saya wa. Da aka raba lissafi huɗu, kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin kwalbar daga aljihunka ya fita, na abokinka ɗan Pakistan ma haka, shi da ya tsaya kai da fata a kan dabbar teku. Ba na cewa la'anar ta hau ka, don ba sayen giya ka nufa ba, al'adar raba lissafi ce ta ja ka ba ka yi tunani ba. Amma ka tuba, ka kuma gyara tun daga ranar farko ta kowace tafiya: ka gaya wa abokanka cewa abinci a raba da kai, abin sha kowa ya biya nasa. In kana jin nauyin a ce ka cika ƙididdiga, ka biya musu kuɗin burodi ko gahawar safe. Ka yi sadaka da kwatankwacin abin da ka bayar in ka so, kyautatawa ce, ba wajibi ba.

Sallah ita ce babba a duk wasiƙar. A Galisiya cikin watan Agusta rana ba ta karkata sai wajen ƙarfe uku saura, ba ta faɗuwa sai kusan goma na dare. Awa bakwai ke nan, kuma shari'a ta riga ta rage maka aikin. Kai matafiyi ne cikakke. Nisan ƙasaru a wurin Malikiyya buridi huɗu ne, mil 48, wato kilomita 80 da 'yan kai, kuma da nisan da ka nufa tun farko ake lissafi, ba da abin da ƙafarka ta ci a yini ba. Wasu na zaton ƙasaru na mai mota da jirgi ne, alhali da tafiyar raƙuma masu kaya aka ƙaddara shi tun asali, kuma da shi kakanninmu da suka taka zuwa Makka ta Chadi da Sudan suka yi ta sallah shekara da shekaru. Halil ya cire mutum biyu daga sunnar ƙasaru: mai saɓo da tafiyarsa, da mai tafiyar wasa, irin mai farautar nishaɗi kawai, shi wannan makaruhi ne gare shi. Abin da nake gani shi ne wanda likita ya tura tattaki ba ɗan wasa ba ne. Kana da raka'a biyu a Azahar, biyu a La'asar, biyu a Isha'i, tun da ka bar gidajen garinku har ka dawo, sai in ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya. Kana kuma da rangwamen haɗa Azahar da La'asar a tafiyar tudu. Raka'a huɗu ke nan gaba ɗaya, da ba za su ci minti goma ba, a bayan wani itace ko bakin kogin Ulla da ke gefen ƙauyen. An sanya wa wannan al'umma ƙasa duka masallaci. Ba barci ne ya ɗauke ka ba, ba mantuwa ce mai uzuri ba, hira ce da busar algaitarsu mai jaka. Ka rama, wannan ya sauke bashin, amma fitar da sallah daga lokacinta da gangan babban zunubi ne mai buƙatar tuba ta gaskiya. Duk taron da ya kai ka ga haka, ko na halal ne a asalinsa, a ranar ya zama maka abin zargi.

Sai takardar. Hanyar da kuka bi ba don motsa jiki aka gina ta ba tun farko, hanyar ziyarar Kiristoci ce zuwa kabarin da suke danganta wa Yaƙubu ɗan Zabadi, ɗaya daga almajiran Annabi Isa (AS). Shi kansa Padron yana cikin labarin, suna cewa a nan jirgin da ya ɗauko gawarsa ya tsaya, dutsen da aka ɗaure shi yana ƙarƙashin bagaden cocin garin. Takardar da ake kira Kompostela coci ce ke bayarwa da harshen Latin ga wanda ya taka aƙalla kilomita 100 na hanyar, tana shaida cewa ya zo ne don ibada. Suna da wata daban ta nisan tafiya, wadda ba ta ƙunshi wannan shaida ba. Da ka ce addini ne ya kawo ka, ka yi ƙarya, kuma ƙaryar ta faɗa a mummunan wuri, domin ka sa an rubuta cewa ka yi tafiyar ibada zuwa kabari, alhali Annabi (SAW) ya ce ba a ɗaura sirdi don ibada sai zuwa masallatai uku: na Makka, da nasa, da na Ƙudus. Wannan bai fitar da kai daga Musulunci ba, kada wani ya tsorata ka da haka, tunda zuciyarka ba ta ƙudurce ba, ba ka kuma yi wa kabarin wata ibada ba. Amma ka nemi gafara, kuma kada ka rataye takardar a bango ko ka yaɗa hotonta. Ka yage ta ya fi.

Game da badi: taka wannan hanya don lafiya ban ce haramun ba ne, hanya hanya ce, tana ratsa gonaki da garuruwa, kuma da yawan masu binta yau ba ibada ta kawo su ba. Akwai malaman da za su hana saboda kamanceceniya da masu ziyara, kuma maganarsu tana da fuska. In ka bi ta, sharaɗi shi ne kada ka rataya ɓawon kifin nan da yake tambarin masu ziyara a jakarka, kada ka halarci addu'ar da ake musu a babbar coci, kada ka hau rungumar mutum-mutumin da ke bayan bagade kamar yadda suke yi, kada ka karɓi takardar ibada. Amma abin da na fi so maka shi ne ka sauya hanya, tunda ƙafa kake son motsawa. A Galisiyar ma akwai hanyar fitilun jiragen ruwa da ke bin gaɓar teku daga Malpika zuwa Fistera, kimanin kilomita 200, babu kabari a ƙarshenta. A kudu kuma ga ƙauyukan tsaunin Alfuharras kusa da Garnaɗa, inda har yanzu ake ban ruwa da magudanan da Musulmin Andalus suka haƙa. Idan ka ratsa wani ƙauye ka tarar ana bikin tattasai ko cuku ko kifi, ka fara duba agogo ka yi sallarka, sannan ka shiga layi da farantinka.

Wallahu a'alam.